Hutun kwana uku a ƙasar Gumel: Abin da 'yan Arewa ke tsallakewa a ƙofar gida

Duk ranar Alhamis, tun kafin rana ta yi zafi, hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari takan cika da manyan motoci da a-kori-kura da babura da amalanke. Daga arewa kuma, ta ɓangaren Jamhuriyar Nijar, makiyaya ne ke gangarowa da raƙuma da shanu da tumaki. Kafin azahar kasuwa ta cika ta batse, ana ciniki da naira, ana ciniki da sefa, ana jin Hausa da Fulatanci da Manganci da yaren Buzaye a wuri guda.

A cikin wannan taro kusan kowa saye ko sayarwa ne ya kawo shi. Da wuya a ga magidancin da ya ɗebo iyalinsa daga Kano ko Dutse don kawai yara su ga raƙumi ido da ido, su sha fura, su ga inda ƙasarsu ta ƙare wata ta fara.

Wannan asara ce ta ɓangare biyu. Iyalan birni na rasa hutu mai sauƙin kuɗi da ilimi mai yawa, mutanen ƙasar Gumel kuma na rasa kuɗin da zai iya shiga aljihun mai fura da mai tsire da ɗan acaɓa kai-tsaye. Lokaci ya yi da za a ɗauki ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a matsayin wurin da ake zuwa hutu, a kuma shirya su don hakan.

Gaɓar da babu teku

A ƙasashe da dama, idan ma'aikaci ya sami kwana biyu ko uku, ƙauyukan bakin teku yake nufa. Ya ga jiragen masunta, ya ci kifin da aka kama a ranar, ya sayi tsaraba, ya koma bakin aiki. Ƙauyukan da ke samun irin waɗannan baƙi ba su da wani abin mamaki face abin da Allah Ya ba su da kuma iya tarɓar baƙo.

Jigawa ba ta da teku, amma tana da irin tata gaɓar. Kalmar Sahel da ake kiran wannan yanki da ita daga Larabci ta fito, ma'anarta kuma gaɓa, wato bakin Sahara. Idan haka ne, Maigatari ita ce tashar da kayan hamada ke sauka: dabbobi da kanwa da dabino da cuku su shigo, hatsi da kayan masarufi su fita. Nisan Gumel daga Kano kimanin kilomita 120 ne, daga Gumel zuwa Maigatari kuma bai kai kilomita 30 ba. Tafiya ce da mota ɗaya da tanki ɗaya za su iya yi.

Laraba: Gagarawa da Gumel

Wanda ya bar Kano da safiyar Laraba ta hanyar Gujungu zai iya ratsewa Gagarawa, wadda ke kudu da Gumel. Abin gani a nan shi ne tashar jirgin ƙasa da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda Turawan mulkin mallaka suka kammala a 1930. An shimfiɗa layin ne domin kwashe gyaɗa da fatu da sauran amfanin gona zuwa Kano, daga nan zuwa bakin teku. Yaron da ya karanta labarin dalar gyaɗa a littafin makaranta zai fi gane shi idan ya tsaya a gefen dogo aka nuna masa ta inda buhunan suka bi.

Da yamma sai Gumel, hedikwatar ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jigawa, tare da Dutse da Haɗejia da Kazaure da Ringim. Tarihin Gumel ya bambanta da na sauran, kuma 'yan Arewa da yawa ba su san haka ba. An kafa masarautar a wajajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa. Ta yi mubaya'a ga Borno, kuma har Turawa suka zo a 1903 ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba. Tsohuwar fadarta tana Tumbi ne, garin da a yau yake cikin Nijar, kafin a dawo da ita inda take yanzu a farkon rabin ƙarni na 19.

Ƙaramar masarauta ce da ta zauna tsakanin manya: Kano ta kudu maso yamma, Haɗejia ta gabas, Damagaram ta arewa. Ta sha yaƙi da dukkansu, kuma ta rayu. Wannan kaɗai ya isa darasi ga ɗalibin da aka koya wa tarihin Arewa kamar labari ne guda ɗaya tilo. Batun Tumbi kuma yana nuna wa yaro a fili yadda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba gida ɗaya biyu.

Mai martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani II, ya haura shekara 40 a kan karaga. Ƙofar fada da babban masallaci da tsofaffin unguwannin garin wurare ne da baƙo zai zaga da ƙafa bayan la'asar. Wanda kuma ya daidaita zuwansa da Sallah zai ga hawan da Gumel ta yi suna da shi. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Wannan karramawa ta ƙara wa hawan dawaki daraja a idon duniya, kuma babu dalilin da zai hana Gumel cin gajiyarta, musamman ga masu son ganin hawa ba tare da cunkoson birni ba.

Alhamis: ranar Maigatari

Alhamis ce zuciyar tafiyar, don haka a yi sammako. Kasuwar dabbobi ta Maigatari na cikin mafi girma a Arewa, kuma daga nan ake lodin tireloli zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen Kudu. Naman da ake ci a can, wani daga wannan kara ya taso.

A fagen raƙuma baƙo zai fi daɗewa. Zai ga yadda ake durƙusar da raƙumi, yadda mai saye ke buɗe bakinsa ya duba haƙora don gane shekaru, yadda dillali ke kai gwauro yana kai mari tsakanin mai kaya da mai kuɗi har a kai ga sallamawa, sannan ya karɓi la'adarsa. A ɓangaren shanu akwai jajaye masu dogon ƙaho na Bararoji, da farare, da na Azawak. A na tumaki akwai Uda mai launi biyu da Balami mai girman jiki. Ga dawaki, ga jakuna. Yaron da ya tashi a bene a Kano, wanda bai san bambancin karsana da bijimi ba, zai koyi a awa biyu abin da zangon karatu guda bai koya masa ba.

Bayan dabbobi akwai rumfunan riɗi da zoɓo. Jigawa na sahun gaba wajen noman waɗannan biyun a Najeriya, kuma Maigatari na cikin manyan wuraren da ake tara su. Zoɓon da ake aunawa a nan yana kaiwa har ƙasar Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, inda su ma jiƙa shi suke yi su sha. Riɗin kuma yana tafiya ƙasashen Asiya da Gabas ta Tsakiya. Ɗan kasuwar da ke neman sabuwar hanya zai iya zuwa hutu ya koma da dabara.

Abin da za a ci

Tafiya irin wannan rabinta ciki ne. Ƙasar Gumel ƙasar gero ce, don haka fura ita ce kan gaba: wadda aka kirɓa a ranar, da ƙanshin citta da kanumfari da barkono, a dama ta da kindirmo. Wanda ya saba da furar leda ta cikin firij zai ji bambanci tun daga ludayin farko.

Da rana sai nama, tunda kasuwar nama aka zo. Akwai balangu da tsire da kilishi, akwai kuma naman raƙumi ga wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba, musamman tozo da masana nama ke yabawa. Cukun da ke shigowa daga Nijar, busasshe mai faɗi kamar takarda, ana cin sa haka nan ko a jiƙa shi a shayi ko a daka shi cikin fura. Lokacin fara kuma akwai soyayyiya da yaji, wadda wasu ke ƙyama tun daga nesa har sai sun ɗanɗana.

Da dare a nemi tuwon gero ko na dawa da miyar kuka da man shanu, ko burabusko, wanda ke tuna wa mai ci alaƙar wannan ƙasa da Borno. Da safe ga waina da ƙosai da kunun tsamiya. Na tsaraba kuwa, ga kantun riɗi da dabino da goruba da aduwa da magarya da busasshen zoɓo da ba a yi masa gauraye ba.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba. Mutane da yawa na neman nonon raƙumi ɗanye saboda amfanin da ake danganta masa. Masana lafiya sun daɗe suna jan kunne cewa ɗanyen nono, na raƙumi ko na saniya, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ciki har da wadda ke haddasa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci jama'a su guji ɗanyen nonon raƙumi saboda cutar numfashi ta MERS. A tafasa kafin a sha, musamman idan da yara ko masu ciki.

Juma'a: Sule Tankarkar

Ranar ƙarshe ta karkara ce. Sule Tankarkar na yamma da Gumel, kuma ita ma ta yi iyaka da Nijar. Babu babban gini da za a nuna wa baƙo a nan. Abin gani shi ne ƙasar kanta: jigawa da rairayi, rumbunan gero bayan kaka, bishiyoyin gawo da kuka a tsakiyar gonaki, layukan dalbejiya da aka dasa don tare iska, da rijiyoyin da ake jan ruwa da dabbobi.

A irin wannan wuri ne maganar kwararowar hamada ke tashi daga labarin rediyo ta zama abin da ido ke gani. Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Gawo ma darasi ne: bishiya ce da ke zubar da ganye da damina ta fitar da shi da rani, shi ya sa manomi ke barin ta a gona, domin ba ta tare wa shuka rana, tana kuma ƙara wa ƙasa taki. A yi sallar Juma'a a nan ko a Gumel, a kama hanyar gida da yamma.

Me ya sa batun ya wuce nishaɗi?

Tattalin arzikin wannan yanki ya rataya ne a kan ƙofa ɗaya, kuma makullinta ba ya hannun mutanen yankin. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu na farko, ciki har da Maigatari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa sakamakon takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris na 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. A 2025 kuma, gab da Babbar Sallah, hukumomin Nijar suka dakatar da fitar da dabbobi daga ƙasarsu.

A kowane karo, wanda ya fara jin jiki shi ne ɗan dako da mai shayi da mai abinci da ɗan acaɓa. Ba su da hannu a shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai, amma tukunyarsu ce ke fara yin sanyi. Baƙin da ke zuwa daga cikin gida, daga Kano da Kaduna da Abuja, ba sa buƙatar a buɗe wata iyaka kafin su iso. Ba za su maye gurbin fatauci ba, amma ƙofa ce ta biyu ga gidan da ke da ƙofa ɗaya.

Na biyu, kuɗin baƙo ba ya bi ta ofis. Dubu biyar ɗin da magidanci ya kashe a kan fura da tsire da tsaraba a ranar take shiga hannun mai ita. Mafi yawan masu sana'ar abinci a karkara mata ne, kuma abin da suka samu a kan cefane da magani da littafin yara yake ƙarewa. Matasan da ke tafiya cirani da zarar an gama girbi kuwa, lokacin tafiyarsu shi ne daidai lokacin da ya fi dacewa da zuwan baƙi.

Na uku, an riga an gwada hanyar manyan ayyuka. Tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, kuma gwamnatoci sun zo sun wuce ana ta alƙawarin farfaɗo da shi. Fatan kowa shi ne ya tsaya da ƙafarsa. Amma kafin nan, akwai ƙananan abubuwan da ba sa buƙatar biliyoyi ko jiran mai zuba jari daga waje.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko shi ne tsaro, kuma ba uzurin banza ba ne. Sai dai Jigawa na cikin jihohin Arewa da suka fi samun sauƙin matsalar, kuma dubban 'yan kasuwa na bin wannan hanya kowane mako da dukiyarsu. Hikima ita ce a yi tafiyar rana, a tambayi halin hanya kafin a tashi, a kwana a cikin gari. Ba sai an tsallaka iyaka ba. Wanda ke son tsallakawa ya tafi da cikakkun takardu, ya kuma tuna cewa Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.

Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu rana kan haura digiri 40, kuma ba lokacin yawo da yara ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin: an yi kaka, abinci ya wadata, gari ya yi sanyi. A dai tafi da rigar sanyi da takunkumin fuska saboda ƙurar hunturu.

Na uku tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 tafiya ta zama nauyi ga kowa, kuma babu mai cewa wanda ke neman na tuwo ya tafi hutu. Maganar ta masu hali ce, waɗanda ke kashe miliyoyi a Dubai ko Masar, da matsakaitan da ke ƙarar da hutun yara a manyan kantunan Kano. Iyali biyu za su iya haɗa kuɗin mai su cika mota ɗaya.

Na huɗu shi ne kallon da wasu ke yi wa yawon buɗe ido a matsayin almubazzaranci ko ƙofar lalacewar tarbiyya. Wannan damuwa tana da tushe idan aka dubi yadda harkar ta kasance a wasu ƙasashe. Amma uba da uwa da 'ya'yansu a kasuwar dabbobi da ƙofar fada, wace tarbiyya ce za ta lalace? Bahaushe da kansa ya ce tafiya mabuɗin ilimi.

Aikin da ke gaban hukuma da masarauta

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, kasuwannin mako na Arewa an tsara su ne don fatake maza masu juriya, ba don mace mai goyo ko dattijo ba. Gyaran kuma ba mai tsada ba ne.

Ƙananan hukumomin huɗu, musamman Maigatari da ke karɓar harajin kasuwa duk mako, su fara da ban-ɗaki mai tsafta na maza da na mata, da ruwa, da rumfar hutawa. A ware layin masu abinci nesa da ƙurar dabbobi, ma'aikatan duba-gari su riƙa zagawa. Baƙon da ya koma gida da ciwon ciki ba zai dawo ba, kuma zai hana goma zuwa.

Masarauta na iya sanya ranaku da sa'o'i sanannu da baƙi za su riƙa zuwa fada, da wanda zai yi musu bayani, a nuna musu kayan yaƙi da na sarauta da jerin sarakuna. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel na da malamai da ɗaliban da za su iya tattara tarihin baka daga dattawa tun suna raye, su kuma horar da matasa 'yan rakiya masu katin shaida da farashi sananne. Da ɗan gari akan ci gari.

Gwamnatin Malam Umar Namadi kuma ta sanya ziyarar irin waɗannan wurare cikin tsarin makarantun sakandaren jihar, ta haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa a adana tashar Gagarawa, ta kuma tallafa wa ƙungiyoyin mata da na'urar ƙunshe kaya, yadda kantu da zoɓo da kilishi za su fito cikin leda mai suna da ranar da aka yi su. Zoɓon da ake fitarwa a buhu da araha, idan aka tsaftace shi aka ƙunshe, darajarsa na ninkuwa.

Matasan yankin ma suna da nasu aikin, kuma wayar da ke hannunsu ta isa. Su sanya masaukai da wuraren cin abinci a taswirar Google da lambar waya mai aiki, su riƙa ɗora bidiyon kasuwa da hawa da girki a Facebook da TikTok. Mutum ba ya zuwa inda bai san inda zai kwana ba.

Ladabin baƙo

Shi ma mai zuwa akwai abin da ke kansa. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, musamman mata da yara. Idan ya shiga ƙauye ya fara da gaida mai gari. Kada ya tsaya a bayan raƙumi ko doki, kuma ya riƙe hannun yara a cikin kara. Ya kwashe ledojinsa, domin dabbar da ta haɗiye leda asarar wani ce. Sannan wanda ba ya neman ragi a babban kanti, bai kamata ya tsaya yana ja-in-ja da mai fura a kan naira ɗari ba.

Jigawa ta cika shekara 30 da ɗoriya tun da aka cire ta daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991, amma har yanzu 'yan Kano da yawa sun fi sanin titunan Jidda a kan hanyar Gumel. Hutun makaranta na Disamba yana faɗowa a daidai lokacin da ya dace. Mai hali ya duba kalanda, ya zaɓi wata Laraba, ya kira wani da ya sani a Gumel ya tambayi masauki. Kasuwa dai tana nan tana ci kowace Alhamis.